Suturar da Aka Yi wa Gidan Kawu Idi

Shekarar da aka rufe Harami saboda korona, wadda muka riƙa kallon filin ɗawafi a talabijin babu kowa cikinsa sai ma'aikatan shara, a cikinta Kawu Idi ya rasu. Shekara biyar ke nan. Ƙanin mahaifiyata ne, kafinta, irin waɗanda Larabawan nan ke kira najjar. Ni direban tasi ne a unguwar Hindawiyya a nan Makka, kuma sai da furfura ta fara fito mini na shiga ajin manya na koyi rubutu. Da na zauna zan rubuta wani abu a kansa, sai na ga labarin gida nake rubutawa. Na bar shi a haka, don duk wanda ya san Kawu, da wannan gidan ya san shi.

Gidan yana cikin wata gonar dabino a Wadi Faɗima, a bayan gari. Ba na Kawu ba ne. Na wasu Larabawa ne da kakansu ya gina shi tun zamanin da ake kai kayan lambu Makka a kan raƙuma. Mahaifin Kawu ya zo aikin hajji a ƙafa daga ƙasar Kano, bai koma ba, ya samu aikin ban-ruwa a gonar, a nan aka haifi Kawu da mahaifiyata. Da 'ya'yan mai gonar suka watse, wasu Jidda wasu Riyad, sai suka bar gidan a hannun Kawu. A ciki ya zauna da matarsa, Gwaggo Rakiya, har tsufa ya same su.

Wanda ya saba da ginin ƙasar Hausa zai ga gidan baƙo. Bene ne hawa ɗaya. Ƙasa ma'ajiyar dabino da ɗakin harawa, sama kuma majalisi, wato ɗakin zaman baƙi, da ɗakin kwana. Bangonsa na dutse ne, amma ba dutsen ke riƙe da gidan ba, katako ne. A kowace kusurwa akwai ginshiƙin itace tsaye tun daga ƙasa har rufi. Sannan duk bayan 'yan layukan dutse, sai a shimfiɗa dogon katako a kwance cikin bangon, ya zagaye gidan kamar ɗamara, a haɗa bakinsa da ginshiƙan. Waɗannan na kwancen su ake kira takalil. Daga nesa kana hangensu baƙi ƙirin a tsakanin dutse, layi bisa layi. Babu ƙusa ko ɗaya a mahaɗarsu. Ana fafe rami a jikin wannan, a fiƙe bakin wancan, a zura, a buga turken itace ya riƙe su. A tsakiyar majalisi akwai wani ƙaton ginshiƙi na itacen ar'ar, wanda aka ce daga duwatsun Ɗa'ifa aka sauko da shi, shi ke ɗauke da rufin. Rufin kuwa sanduna ne a jere, bisa su tabarmar kaba, bisa ita ƙasa. Ta arewa akwai roshan, wato tagar katako mai ƙananan huda da ta turo kai waje, inda Gwaggo ke ajiye tulu iska ta sanyaya ruwa.

Amfanin wannan ɗamara na gan shi da idona. Wata shekara ruwan kwari ya zo ya ci gindin bangon gabas. Kawu ya zare duwatsun da suka goce a ƙarƙashin takalil na farko, har ramin ya isa mutum ya wuce a durƙushe, ya sake jera su ɗaya bayan ɗaya. Bangon da ke sama ko motsi bai yi ba. Gwaggo ma tana can sama tana tankaɗe, ba ta sauko ba.

Aikinsa da gidan bai da wani abin kallo. Kowace shekara kafin ruwan hunturu, nakan kai shi kasuwa ya sayo gaɗaran, wani baƙin man itace mai wari da kan yi mako a cikin motata. Yakan kafa tsani ya bi katakon nan yana shafawa da tsumma. Kafin ya shafa sai ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa ya kasa kunne. In ya ga ɗan zanen ƙasa siriri yana hawa bango, ya san gara ce ta fito, sai ya kankare ya bi ta har gindinta. Lokacin da aka riƙa rushe tsofaffin unguwannin kusa da Harami, yakan je ya tsinto guntayen katakon da aka zubar, ya ce itacen da ya yi shekara ɗari a zafin Makka ya gama duk wata murɗewar da zai yi. Da su yake cike gurbin abin da ya lalace.

Kawu yana da amini, Baba Sani magini, mazaunin unguwar Utaibiyya. Shi a Kano aka haife shi, aka zo da shi yana goye, amma duk abin da zai faɗa sai ya fara da "a garinmu". Duk zuwan da zai yi gonar, kafin ya zauna sai ya tsaya ya ɗaga kai ya kalli bangon ya girgiza kai.

"Idi, gidan nan naka tsirara yake. Haƙarƙarinsa duk a waje. A garinmu ko talaka ba ya barin azara a fili, sai ya yaɓe ta."

"Wane garin? Wanda ka baro kana tsotso?"

"Ka ba ni yini ɗaya da siminti, wallahi in suturta maka shi."

"Ka fara suturta bakinka, ya sheikh. Haƙoran da suka rage maka ma duk a waje suke."

Sai a yi dariya, Gwaggo ta kawo shayi, a shiga wata hirar. Haka suka yi shekaru. Abin lura shi ne Kawu bai taɓa zama ya faɗa wa kowa dalilin da ya sa ba ya son a rufe katakon ba. Da barkwanci kawai yake amsawa. Shi mutum ne da hannunsa ya fi bakinsa bayani, kuma ina jin a wurinsa abin a fili yake har bai ga abin faɗa ba. Mu kuwa mun ɗauka taurin kai ne, ko kuma nauyin masu gidan yake ji, kada a ce ya taɓa musu gini.

Da ciwo ya kama shi aka kai shi asibiti, ba wanda aka bari ya shiga. Da ya cika, ma'aikata ne suka yi masa komai bisa ƙa'idar wancan lokaci. Ba mu yi masa wanka ba, ba mu sa masa likkafani da hannunmu ba, ba a yi zaman makoki ba. Ta waya aka riƙa yi wa Gwaggo gaisuwa. Ba mu kaɗai abin ya shafa ba, gari ne duka, kuma ba wanda ya ce an yi ba daidai ba. Amma Baba Sani abin ya tsaya masa a rai. Akwai alkawari tsakaninsu tun suna samari cewa duk wanda ya riga tafiya, ɗayan ne zai yi masa sutura.

Bahaushe da kalma ɗaya yake kiran tufafin da ke rufe tsiraicin mai rai, da likkafanin da ke rufe mamaci, da rufin asirin da mutum ke yi wa ɗan'uwansa. Duk sutura ce. Wani wanda ba a wannan harshen yake tunani ba, da wuya abin da ya zo wa Baba Sani ya zo masa. Da aka buɗe gari, aka fara haɗuwa, sai ya tara dattawan da suka san Kawu ya ce musu, tunda ba su samu sun suturta Idi ba, to bari su suturta gidansa. Ba wanda ya ga aibun maganar. Wasu har hawaye suka yi. An kira 'ya'yan mai gonar a waya, suka ce Allah ya saka da alheri. Gwaggo, wadda a lokacin ta koma wurin 'yarta a unguwar Rusaifa, ta ce ita za ta yi girkin.

Gayya aka yi irin ta da. Masu kwaɓa siminti, masu miƙa kwano, masu yaɓe. Baba Sani bai yarda a yi da ƙasa ba, ya ce amininsa ya fi ƙarfin yaɓen laka, abin da zai daɗe za a sa. Aka rufe dutse da katako gaba ɗaya, aka shafe da farin fenti. Ni ranar ina hanyar Madina da fasinjoji, a waya aka turo mini hoton. Gidan ya yi fes, fari tas a tsakiyar dabino. Duk wanda ya gani sai ya ce ma sha Allah.

Shekara ta zagayo, hukumar da ke kula da gine-ginen tarihi ta zo ta sa gidan cikin waɗanda aka kare. Aka kewaye shi da shinge, aka kafa allo a ƙofa. Muhandis ɗin da aka ba aikin, wato injiniyan gini, wani matashi ne ɗan garin nan, kakarsa Bahaushiya ce, yana jin Hausa amma da Larabci yake amsawa. Tun zuwansa na farko ya ce simintin nan dole ya sauka. Ya yi wa Baba Sani bayani a hankali, ba tare da ya san shi ne ya yi aikin ba. Katako yana kumbura yana tsukewa da sanyi da zafi, siminti ba ya binsa, sai ya tsage a daidai layin. Ruwan sama da raɓar gona su shiga ta tsagar, su rasa hanyar fita. Gara kuma ta samu inuwa da laima, tana ci ba mai ganin zanenta.

Baba Sani ya ce a ba shi guduma ya sauke a ranar. Muhandis ya ce mamnu'u ne, an hana, gidan da aka kare ba a taɓa shi sai da tasrihi, takardar izini, ita kuma ba ta fita sai duk magada sun sa hannu. Magadan kuwa suna da yawa, kuma akwai wata rigimar gado tsakaninsu da ba ta shafe mu ba. Haka abin ya yi ta jan ƙafa, shekara tana bin shekara.

A wannan tsakanin ne na fi sanin Baba Sani. Duk bayan 'yan makonni sai ya kira ni: "Lawan, kana da fasinja? To sauke shi, zo ka kai ni." Mu je mu tsaya a bakin shinge. Yana kallon tsagar da ke bin bangon a kwance, layi bisa layi, daidai inda katakon yake a ɓoye. Abu ɗaya yake so ya sani, ko abin da ke ƙarƙashin simintin yana nan ko ya tafi. Ya daina cewa "a garinmu". Wata rana a hanyar dawowa ya ce da ni, "Da Idi ya buɗe baki sau ɗaya ya gaya mini dalili. Sau ɗaya tak. Shekara nawa yana zagin haƙorana." Na ce masa haka Kawu yake. Ya ce ya sani.

Nakan tambayi kaina me Kawu zai ce da ya ga yau. Allon da ke ƙofar gidan na tsaya na karanta shi da kaina, a hankali. An rubuta irin dutsen, da irin itacen, da yadda aka haɗa su ba ƙusa. Ina jin zai yi dariya ya ce gidan da kaji ke kwana a ƙarƙashin matakalarsa ne yau ake zuwa ɗaukar hoto. Zai ji daɗi, ko da bai nuna ba, cewa akwai matasa da suka yi karatu mai zurfi a kan abin da shi yake yi da tsumma da gwangwani. A cikin gari kuwa, irin gidajen da yake tsinto katakonsu sun ƙare, dogayen otal ne a wurin, da zai rasa inda zai samo abin cike gurbi. Game da abin da aka yi wa gidan, ban san me zai ce ba. Na san dai ba zai yi faɗa ba. Wataƙila ya kalli farin bangon ya ce wa Baba Sani, an yi wa tsoho kwalliyar ango. Daga nan ya ɗauko tsani.

A farkon hunturun bana izinin ya fito. Muhandis ya kira ni ya ce in kawo dattawan in suna so su gani. Na ɗauko Baba Sani a Utaibiyya, na biya Rusaifa na ɗauko Gwaggo. Da hantsi muka isa. An riga an tokare rufin da ƙarafa ta ciki, ma'aikata suna sassaƙe simintin kaɗan-kaɗan da ƙananan kurfi, kamar masu ɓare ƙwai. Aka kawo wa Gwaggo kujera a inuwar dabino. Baba Sani ya ƙi zama.

Da aka buɗe takalil na ƙasa a bangon kudu, daga nesa lafiya lau yake, baƙi, har warin gaɗaran ya taso. Baba Sani ya ce, "Alhamdu lillahi," ya matsa. Muhandis bai hana shi ba. Ya ɗora babban yatsansa a jikin katakon ya danna. Yatsan ya shige har gaɓa. Da ya zaro, gari ne ya biyo shi yana zuba, ja-ja kamar garin dawa. Ɓawon waje kaɗai ya rage, wanda man ya jiƙa, gara ta bar shi ta cinye cikin.

Ya daɗe yana kallon yatsan. Sannan ya juya wurin Gwaggo.

"Rakiya, kin gani."

"Na gani, ai ba makauniya ba ce ni."

"Ni na kashe masa gida."

"Sutura ka ce za ka yi, kuma ka yi. Wa ya taɓa buɗe likkafani ya tarar da mutum yadda ya bar shi?"

Ma'aikatan ba su jin Hausa, suka ci gaba da sassaƙa. Muhandis ya ji, ya sunkuyar da kai. Gwaggo ta gyara mayafinta ta ce, "Zo ka zauna, Sani, kada ka faɗi a ce ni ce. Ranar da kuka yi aikin nan wa ya dafa muku shinkafa? Har rago na sa aka yanka. In kai ka kashe, to ni na ciyar da makasa. Shi kuma mai gidan da ya yi shekara arba'in yana shafa mai bai gaya wa matarsa dalili ba, ka bar ni da shi, za mu haɗu."

Ya zo ya zauna a ƙasa kusa da kujerarta. Aka kawo shayi, ya karɓa, bai sha ba.

Aikin ya ɗauki makonni, na riƙa leƙawa in na samu fasinjan wajen. Gidan ba zai faɗi ba, muhandis ya tabbatar mana da haka. Za a kawo sabon katako a yi masa irin haɗin da, rami da turke, a bar shi a fili. Babban ginshiƙin majalisi yana nan, don yana ciki, siminti bai taɓa shi ba, haka ma yawancin sandunan rufi. Muhandis ya tambayi Gwaggo yadda Kawu ke dama gaɗaran da lokacin da yake shafawa, ta gaya masa abin da ta tuna, ni ma na ƙara da nawa. Ya ce za a ci gaba da yi duk shekara. Abin da ya saura na Kawu ke nan a iya ganina: gidan yana tsaye, kuma wani zai riƙa hawa tsani kafin ruwan hunturu. Amma itacen da hannunsa ya bi, wanda ya tsinto daga gidajen da babu su yanzu, wannan ba a samo irinsa. Baba Sani bai sake cewa in kai shi gonar ba. Yana nan da ransa a Utaibiyya, ƙafa ta yi masa nauyi, ranar Juma'a nakan biya in kai shi masallaci.

Da aka gama sauke simintin, aka jera abin da aka cire a gindin shinge kafin a kwashe, na tsaya na ƙirga. Ginshiƙan kusurwa huɗu ne, uku sun tafi. Takalil layi biyar ne, na ƙasa uku sun tafi gaba ɗaya a duk bangon huɗu, na huɗu rabinsa. Katakon saman ƙofa ya tafi. Sandunan rufi tara, waɗanda kawunansu ke cikin bangon kudu. Ƙafafun da ke ɗauke da roshan guda biyu, da allon da tulu ke zama a kai.